Katin Rigakafin Maniyyata da Tarihin da Muka Manta

Duk shekara, da zarar hukumar alhazai ta NAHCON ta sanar da sharuɗɗan lafiya da Saudiyya ta gindaya, sai gunaguni ya tashi, wai ana takura wa baƙin Allah. Maniyyaci zai yi ta tambayar layin wayar da zai saya idan ya sauka Jidda ko Madina, STC ne, Mobily ne ko Zain, amma bai damu ya san allurar da aka rubuta a katinsa ba. Batun waya ba wuya: layin gida cin kuɗi gare shi a can, a sayi na ƙasar da fasfo, a rubuta sunan masauki da lambar jami'in jiha a takarda, domin caji yakan ƙare a Mina.

Allurar ce abin tsayawa a kai. Annobar sanƙarau da ta ɓarke a Hajjin 1987 ce ta sa Saudiyya ta wajabta rigakafin. A 2000 wani nau'in cutar, W135, ya ɓulla cikin alhazai, suka koma da shi ƙasashensu. A 2002 ya kashe mutum sama da dubu a Burkina Faso. Shi ya sa yanzu ake neman allura mai kariya daga nau'i huɗu, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Mu kuwa bai kamata a tuna mana ba. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Arewacin Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, a shekarar kuma Saudiyya ta rufe wa alhazanmu ƙofa. Yara nawa ne suka tashi kurame a Kano da Katsina saboda wannan annoba?

To, da wane ido za a kalli mai biyan kuɗi a buga masa hatimi a kati ba tare da allura ta taɓa damtsensa ba? Cin amana ne, gare shi da ma'aikacin da ya karɓa. Mutum na iya ɗauko ƙwayar cutar a maƙogwaro bai ji ko ciwon kai ba, ya dawo ya rungumi jikokinsa ranar tarba.

Hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi su daina barin allura sai jirgi ya kusa tashi. A yi ta a wurin bita, a gaban jama'a, malaman bita kuma su bayyana dalilinta kamar yadda suke koyar da ɗawafi.