Dokin Ƙarfe Ya Komo Duwatsun Adamawa

Daga Wakilinmu na Arewa, Yola

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan da Shagamu da Fatakwal, manyan cikinku za su tuna zamanin da keke shi ne abin da saurayi ke fara saye in ya sayar da gyaɗarsa ko audugarsa. Mai sabon Raleigh a ƙauye ya isa ya nemi aure ko'ina. Daga baya babur ya zo ya ture shi, har aka riƙa yi wa mai keke kallon wanda duniya ta bari a baya. To, ga shi yau dokin ƙarfe ya komo titunan Yola da Jimeta, kuma ya komo da sabuwar kama.

Dalilin komowarsa ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Gwamna Murtala Nyako aka hana acaɓa a cikin gari saboda matsalar tsaro. Sa'an nan ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Sai ɗan makaranta da leburan gini da ƙaramin ma'aikaci suka tuna da abin hawan da ba ya shan mai. Amma in ka lura, da yawa daga kekunan da ake hawa yanzu na gwanjo ne, masu kaurin taya da giya birjik. Tun asali an ƙera irinsu ne domin hawan dutse, kuma Adamawa ƙasar duwatsu ce.

Asalin wannan keke daga Amurka yake, a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya. Wajen 1970 da 'yan kai waɗansu samari suka riƙa tattara tsofaffin kekuna masu ƙwari, suna gangarowa da su daga kan tudu a guje. A 1976 suka fara wata tsere da suka sa wa suna Repack, domin kowace gangarowa sai man birki ya ƙone ƙurmus, sai an sake cusa wani. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman domin wannan aiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper kasuwa, kuma a 1996 aka shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta. Watau wasan yara ya zama sana'ar da ake cin abinci da ita.

Bambancinsa da keken da muka sani shi ne giya. In ka doshi hawa sai ka sauya zuwa mai sauƙi, feda ta yi laushi, ka hau a hankali ba tare da ka sauka ka tura ba. Tayarsa mai kauri da haƙora tana kama tsakuwa da yashi, birkinsa kuma yana riƙewa a gangara. Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Yawancinsu ba su zuwa da kariya, saboda haka wajen ɗaukar buhun masara ko jarkar ruwa tsohon Raleigh da Phoenix sun fi su nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, in giyar ta lalace a ƙauye, mai faci yakan cire ta ɗungurungum ya gajarta sarƙa, keken ya koma na kullum, domin kayan gyaran sai an shigo gari.

Yanzu bari mu dubi ƙasar kanta. Tun daga gadar Jimeta, in ka haye Binuwai ka nufi Girei, ga duwatsun Bagale nan suna kallonka. Kudu da Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, akwai duwatsun Vere. Gaba da su, a bakin iyakar Kamaru, ga tsaunukan Alantika inda mutanen Koma ke zaune ta wajen Jada. Ta wajen Ganye kuwa akwai tsaunukan Shebshi, inda ƙololuwar Dimlang ta haura mita 2,000. In ka bi hanyar arewa za ka ga duwatsun nan uku na Song da ake kira 'yan'uwa mata uku, har ka dangana da tsaunukan Mandara ta wajen Mubi da Michika da Madagali.

Tsakanin ƙauyukan da ke gindin waɗannan duwatsu akwai hanyoyin ƙafa da burtalai waɗanda suka girmi kwalta. Ta nan ake kai hatsi kasuwa, ta nan yara ke zuwa makaranta, ta nan ma'aikacin lafiya ke kai allurar rigakafi. Abin da Bature ke biyan kuɗi ya yi domin nishaɗi, mutumin ƙauyenmu ya daɗe yana yinsa domin tilas, ga kaya a baya, ga rana a ka. Ya san inda rafi ke cikowa, ya san inda dutse ke da santsi, ya san gangarar da ba a sakin birki. Wannan sani dukiya ne, sai dai har yanzu ba a biyansa ko kwabo a kai.

A waɗansu ƙasashen Afirka kuwa an mai da shi kuɗi. Afirka ta Kudu tana da tseren Cape Epic tun 2004, inda mahaya ke tafiya bibbiyu har kwana 8 cikin duwatsu da gonaki, kuma daga ƙasashe da dama ake zuwa. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne Ruwanda. Can an tsara wata hanya mai tsawon kilomita 227 a gefen tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi, ana kiranta Congo Nile Trail. Mafi yawanta hanyoyin ƙauye ne da ke nan tun da can. Abin da aka ƙara shi ne alamomi, da masauki, da 'yan jagora daga cikin mutanen wurin. Baƙo yakan yi kamar kwana 5 a kan keke, yana kwana yana cin abinci a ƙauyukan da ya ratsa. Ɗan ƙasar, Adrien Niyonshuti, har ya yi tseren keken dutse a Olamfik na Landan a 2012, kuma shi ya riƙe tutar ƙasarsa.

To, ko Adamawa za ta iya? Duwatsu dai akwai, hanyoyi akwai, samari masu ƙarfi akwai, ga ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama a gefen Bagale. Amma akwai abubuwa uku da ya wajaba a faɗa tun da wuri.

Na farko shi ne mutunci. Dattawa za su tuna 1986, zamanin Jihar Gongola, lokacin da labarin Koma ya cika jaridu, Gwamna Yohanna Madaki ya kai ziyara, mutane suka yi ta tururuwa da na'urorin ɗaukar hoto kamar masu zuwa kallon abin al'ajabi. An ɗauki hotuna an tafi, mutanen dutse suka ci gaba da fama da rashin hanya da asibiti. Kada keke ya zama sabuwar hanyar yin haka. Duk hanyar da za a tsara, sai da yardar hakimi da jauro da masu gonaki, kuma ɗan jagora da mai masauki su zama 'yan wurin.

Na biyu, akwai inda keke zai tsaya a gindin dutse. Sukur, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali, ita ce wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999. Hanyoyinta da aka shimfiɗe da duwatsu zuwa fadar Hidi aikin kakanni ne, da ƙafa ake hawansu. Haka nan gonakin da aka yi wa matakala a jikin tsauni, taya ɗaya na iya rusa aikin damina guda.

Na uku shi ne tsaro da lokaci. Ba a manta da 2014 ba, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye Madagali da Michika da Mubi kafin a kore su. Ga kuma masu satar mutane da ke fakewa a dazuzzuka. Kada kowa ya shiga dutse shi kaɗai, ko ba tare da sanin sarakuna da jami'an tsaro ba. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Maris da Afrilu zafin Yola yakan wuce digiri 40, da damina kuwa rafuka na yanke hanya.

Ku da ke Kudu, kuna da hannu a cikin wannan al'amari, domin kayan gwanjo da yawa ta tashoshin Legas suke shigowa. In za ku aika wa ƙane ko ɗa abin hawa, ku tuna babur kullum sai an ba shi mai, keke kuwa faci da man sarƙa kawai yake nema. Ku duba jikinsa ko akwai tsagewa ko walda, ku gwada giya da birki, ku haɗa da tayoyi da wayoyin birki na ajiya, ku sa maƙeri ya yi masa kariya mai ƙwari. Ƙungiyoyinku na 'yan gari kuma za su iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu su koyi gyaran giya, su koma ƙauye da kayan aiki.

Da haka, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba, yaron Vere zai isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, magani kuma zai isa ga mara lafiya kafin dare. Ranar da masu yawon buɗe ido suka iso kuwa, za su tarar da masu gida a shirye, su ne jagora, su ne masu gyara, su ne masu karɓar kuɗi. Da ma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya komo da ku gida lafiya.