Müller: Sunan Iyalin Da Ya Fito Daga Gidan Niƙa

Duk uwar da ke da 'ya'ya maza masu son kallon ƙwallo, da wuya a ce kunnenta bai taɓa jin sunan Mula ba, wanda Jamusawa ke rubutawa Müller. Ni dai a bakin yarana na fara jin sa, lokacin gasar cin kofin duniya ta 2014 da Jamus ta ɗauka, ana ta ihun Thomas Müller a tsakar gida. Ashe kafin shi an yi Gerd Müller, wanda ya jefa ƙwallon da ta ba Jamus ta Yamma kofin a 1974. Na ɗauka ɗa ne da uba, sai daga baya na gane babu abin da ya haɗa su sai suna. Wannan shi ne sunan iyalin da ya fi kowanne yawa a Jamus, masu amsa shi sun kai kimanin mutum 700,000, kuma ma'anarsa ba ta wuce mai niƙa ba.

A can da, Bajamushe suna ɗaya yake da shi, wato na yanka. Tun daga ƙarni na 12, da birane suka fara cika, sai ya zamana a unguwa guda ana samun masu suna Hans rututu, har a rasa wanda ake bi haraji da wanda ya sayi gona. Daga nan aka shiga ƙara wa mutum laƙabi, ko da sunan ubansa, ko garinsu, ko kamanninsa, ko sana'arsa, kamar dai yadda muke cewa wane Tela ko wane Maigoro. Bambancin shi ne su laƙabin ya manne, ɗa ya gaje shi ko da bai gaji sana'ar ba. Shi ya sa manyan sunayensu kusan duk na sana'a ne. Schmidt maƙeri ne, Schneider tela, Weber masaƙi, Fischer kuma masunci.

To me ya sa mai niƙa ya yi wa sauran zarra? Abincinsu burodi ne, burodi kuwa sai da gari, don haka kusan kowane ƙauye yana da gidan niƙa, inda ruwan rafi ko iska ke juya manyan duwatsu. Ita kalmar ma daga Latin ta shigo Jamusanci. Haka nan kuma a wurare da yawa gidan niƙan na mai ƙasa ne, kuma doka ta tilasta wa talakawansa kai hatsinsu can, ko da akwai wanda ya fi kusa ko ya fi sauƙi. Sai a 1810 masarautar Prusiya ta soke wannan tilas. Ladan mai niƙa kuwa ba kuɗi ba ne, wani kaso yake ɗiba daga cikin hatsin da aka kawo.

Nan ne fa zargi ya shigo. Ke ma uwargida kin san yadda zuciya ke yi in kin aika da tiya biyu inji garin ya dawo kamar an yi masa kwasa. Manoman Jamus ma haka suka riƙa kallon mai niƙa, musamman da yake gidansa can bayan gari yake a bakin rafi, ba mai ganin awonsa. Har ta kai a wasu yankuna an lissafa sana'ar cikin waɗanda ba su da mutunci, ana hana 'ya'yansa shiga ƙungiyoyin masu sana'ar hannu. A ganina zalunci ne a ɗora wa ɗa laifin da ba a ma tabbatar a kan ubansa ba. Abin mamaki, sunan da aka raina ɗin ne Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya kai ga lambar yabo ta Nobel a 1948, saboda gano cewa sinadarin DDT na kashe sauro da sauran ƙwari, Herta Müller kuma ta karɓi ta adabi a 2009.

Sunan ya bi bakin kowane yanki. A arewa ana cewa Möller, a wasu sassan kudu Miller. In ƙauye na da gidan niƙa biyu, na saman rafi ya zama Obermüller, sabon zuwa kuma Neumüller. Da yawa daga waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka sun koma Miller ko Mueller. Sai da aka kafa ofisoshin gwamnati na rajistar haihuwa da aure a duk faɗin ƙasar a 1876 sannan rubutun kowane suna ya tsaya cak.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne matsayin mace. Kundin dokarsu da ya fara aiki a 1900 ya wajabta wa matar aure ta ajiye sunan gidansu ta ɗauki na miji. Diyar Schneider in ta auri Müller, shi ke nan ta zama Müller a kowace takarda. A 1958 aka yarje mata ta liƙa na gidansu a bayan na mijin. A 1976 aka ba ma'aurata damar zaɓen sunan matar, amma in sun kasa daidaitawa na mijin ne ke tsayawa. Kotun tsarin mulki ta rushe wannan sharaɗi a 1991, sannan daga 1994 doka ta tabbatar kowa na iya zama da nasa. Daga 1 ga Mayun 2025 kuma ma'aurata na iya haɗa sunayen biyu su zama na iyali har da 'ya'ya.

Shekara casa'in da wani abu ke nan matan Jamus suka yi kafin su sami abin da mu muka tashi muka tarar. Aya ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta sauka kan batun 'ya'yan riƙo irin su Zaidu ɗan Harisa, ta yi umarni a danganta mutum ga mahaifinsa. Matan Manzon Allah (SAW), duk da babu mijin da ya kai nasu daraja, da sunan iyayensu aka san su: A'isha 'yar Abubakar, Hafsa 'yar Umar, har Safiyya 'yar Huyayyu, wadda mahaifinta Bayahude ne kuma bai musulunta ba.

Amma ga shi yau a ajin matan aure na Islamiyyarmu, in na zo ɗaukar sunaye, sai ki ji mace ta kawo sunanta haɗe da na maigida. Akwai wadda na tarar da suna uku daban-daban a takardunta, na makaranta da na asibiti da na banki, domin aure biyu ta yi, kowanne ya bar mata nasa. Da rabon gadon mahaifinta ya taso, sai da ta yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu kafin a yarda mutum ɗaya ce. Tun daga ranar na sauya tambayata a rajista, sunanki da na mahaifinki nake cewa, na maigida kuma in sa shi a layin wanda za a nema in wani abu ya taso.