Hatimi da Rabon Gado a Ajin Lissafi

An daɗe ana koyar da lissafi a makarantun boko na ƙasar Hausa tamkar wani baƙon ilmi wanda ya sauka tare da Turawa. Yaro yakan hardace jadawalin sau, ya kwafi hanyar da malami ya bi a allo, amma in aka tambaye shi dalilin da ya sa hanyar ta yi daidai sai ya yi shiru. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa akwai abubuwa cikin al'adun Hausawa da za su iya gyara wannan rauni, muddin an shigo da su aji don su sa yaro ya nemi hujja. In don ado kawai aka kawo su, ko don a yi alfahari da magabata, to ba su ƙara wa darasi kome ba.

Wannan tunani ba sabo ba ne. A 1973 Claudia Zaslavsky, wata malamar lissafi a Amurka, ta wallafa littafinta Africa Counts a kan ƙidaya da zane da wasannin mutanen Afirka. A 1984 kuma, a taron duniya na koyar da lissafi da aka yi a birnin Adelaide na Ostareliya, Ubiratan D'Ambrosio, mutumin Barazil, ya ja hankalin masana ga lissafin da ke ƙunshe cikin al'adar kowace al'umma. Abin lura shi ne, cikin mutanen da Zaslavsky ta yi magana a kansu har da wani Bakatsine.

Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci mai suna Bahjat al-Afaq, inda ya bayyana hanyoyin tsara abin da Larabawa ke kira wafaƙi, Hausawa kuwa suka sani da hatimi: watau murabba'i da aka kasa gida-gida, aka zuba lambobi a ciki ta yadda jimlar kowane sahu za ta zo ɗaya, a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Mafi sauƙi shi ne mai gida tara. Sahun sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Duk ta inda aka bi, 15 za a samu.

Malami yana iya zana wannan a allo, yara su tara, su yi mamaki, a tashi. Wannan shi ne adon da aka ambata. Darasi na sosai yana farawa ne da tambaya: me ya sa 15, ba 14 ko 16 ba? Ɗalibin da aka bar shi ya yi nazari zai gano cewa jimlar lambobi daga 1 zuwa 9 ita ce 45, sahu kuwa uku ne, kuma an ce su zo daidai. Ke nan tilas kowanne ya ɗauki 15. Daga nan sai tambaya mai wuya kaɗan: ko wata lamba za ta iya zama a tsakiya ban da 5? Sahu huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Waɗannan sahu huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, in ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Saboda haka rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ita ce lambar tsakiya sau uku, watau 5. Ba a gwada dukkan tsare-tsaren da za su yiwu ba, amma an tabbatar babu wanda zai saɓa. Yaron da ya kama wannan ya san bambancin "na gwada ya yi" da "ba yadda za a yi ya ƙi", kuma a kan wannan bambanci ilmin lissafi ya tsaya.

Ana iya ci gaba. Lamba 1 ba ta zama a kusurwa, domin gidan kusurwa sahu uku ne ke bi ta kansa, ita kuwa 1 hanya biyu kaɗai take da ita ta cika 15: da 9 da 5, ko da 8 da 6. Manyan ɗalibai sai a ba su mai gida 25, su nemo da kansu cewa jimlar sahunsa 65 ce. Ko kalmomin da ake bukata ma suna nan: duk yaron da ya san shafa'i da witiri a salla ya riga ya san lamba mai rabuwa biyu daidai da wadda ba ta rabuwa.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Hatimi a wurin jama'a yana tafe da rubutun sha da laya da tsibbu, kuma akwai iyayen da ba za su so a kai shi gaban 'ya'yansu ba. Shi kansa al-Kashinawi bai raba lissafin da ilmin asirin haruffa ba. Malami ba zai ƙaryata wannan tarihi ba, ba kuwa aikinsa ne ya yanke hukunci a kansa ba. Abin da ke gare shi shi ne ya nuna cewa daidaituwar sahu tana da dalili na lamba wanda kowa zai iya bi ya tabbatar.

Misali na biyu ya fi kusa da rayuwa, shi ne rabon gado. Tun kafin zuwan boko malamai da alƙalai suke aiki da nusufi da rubu'i da sumuni, da sulusi da sudusi. Waɗannan su ne ɓangarorin lamba da ke wahalar da 'yan firamare, ga su a bakin mutane. A ɗauki mace da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa, ba iyaye. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da kashi biyu cikin uku. In aka mai da su asali ɗaya, watau 6, miji yana da 3, su suna da 4. Jimla 7 cikin 6, abin rabo ya kasa. Kafin a faɗa wa ɗalibai abin da malaman fiƙihu suka yi, gara a bar su su kawo shawara. Wani zai ce a fara sallamar miji, wani ya ce a rage wa kowa abu guda. Kowace shawara sai a auna ta, a ga wanda ta cuta. Hanyar da jumhurun malamai suka bi, wadda ake kira auli, ita ce a ɗaga asali daga 6 zuwa 7, miji ya ɗauki 3 cikin 7, 'yan'uwa 4 cikin 7, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa. Ɗalibin da ya iso nan da kansa ya koyi gwargwado, ba tare da an ba shi wata doka ya hardace ba.

Ƙidayar Hausa ma tana da nata taimako. Bahaushe yakan ce ashirin ba biyu, ko ɗari ba ɗaya, watau ya kai ga cikakkiyar lamba sa'an nan ya ɗebe. Mai wannan ɗabi'a in aka ce masa 99 sau 7, sai ya ce ɗari bakwai ba bakwai, 693 ke nan. A zamanin wuri, keso ɗaya wuri 20,000 ne, kuma Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Keso nawa ne dala 40, tambaya ce ta lissafi, ta tarihi kuma.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Hatimi da gado da ƙidayar wuri ba su ƙunshi dukan manhajar sakandare ba, kuma ɗalibi yana bukatar aljabara da sauran rassa kamar kowane ɗalibi a duniya. Bugu da ƙari, ba kowane yaro a aji ne ya tashi da waɗannan abubuwa ba. Ɗan wata ƙabila ko wani addini yana da nasa, kuma malami mai basira zai nemi ya kawo su a kwatanta. Wahala mafi girma tana wajen horon malamai. Wanda ya ƙware a lissafi sau da yawa bai karanci fara'ili ba, wanda ya karance shi a zaure kuwa bai saba rubuta shi da alamomin boko ba, alhali darasin auli guda ɗaya yana bukatar sanin duka biyun.