Dalmar da ke cikin tandun kwalli

A Kambaza, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo, jariri kan sha kwalli tun kafin ranar suna. Kaka ko ungozoma ce ke ɗauko tandu ta zizara masa, don ido ya washe, wasu kuma don tsari daga kambun baka. Sai dai dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, sau da yawa ma'adinin dalma ne haɗe da farar wuta.

A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun tarar da dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai yatsa baki, ta nan gubar ke shiga ciki. Hanjinsa kuwa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, balle idan yana fama da ƙarancin jini. Mai juna biyu ma tana miƙa ta ga ɗan da ke cikinta.

Me ya sa al'adar ba ta ja baya ba? Kwalli yana da arha, ana sayar da shi ba takarda ba bayani, ga kuma darajar sunna. Amma ismidin da hadisi ya yaba wani dutse ne daban, kuma mai saye ba ya iya bambance su da ido. Babban dalili a ganina shi ne illar ba ta da hayaniya. A 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum na Zamfara, kowa ya gani, duniya ta kawo ɗauki. Dalmar kwalli a hankali take cin ƙwaƙwalwa, sai yaro ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa a kan abin da ba laifinsa ba. Wannan yana ci mini rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da ba ya cutarwa. Ya kamata hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta bi kasuwannin Jega da Birnin Kebbi ta auna kwallin da ke tebur, a sanar da ungozomomi da limamai sakamakon, domin maganarsu ce ke isa ɗakin mai jego.