Masu ƙera mararrabar dogo a kan teburi

Duk wanda ya hau jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya bi ta kan ƙarafa biyu da ke da tazarar milimita 1,435 a tsakaninsu. Idan aka raba wannan adadi da 87, za a samu kusan milimita 16.5, faɗin layin dogon da dubban mutane a Amurka da Turai ke shimfiɗawa a ɗakunan gidajensu, su ɗora ƙananan jirage masu tafiya da lantarki. Sunan wannan ma'auni HO.

Miƙaƙƙen layi ba ya ba kowa wuya, a kanti ake sayensa. Aikin yana wurin mararraba, inda jirgi ke barin wani layi ya hau wani. Kamfanoni na ƙera ta, amma a kan 'yan kusurwoyi ƙayyadaddu, alhali tashoshin gaske sun bi yadda fili ya ba da dama ne. Mai son ya kwaikwayi wata tasha yadda take, tilas ya ɗauki magagari da dalma.

Da zane ake farawa. A manna shi a kan katako, a jera 'yan sandunan da ƙarfe zai hau. Wasu na itace ne, wasu kuma an yanko su daga allon kayan lantarki mai rufin jan ƙarfe, domin a kansu ake liƙa layin da dalma. Nan ne sabon shiga ya fi faɗawa rami: in ya manta bai tsaga rufin a tsakiya ba, wutar ƙarafan biyu za ta haɗu, jirgi ya tsaya cak.

Sai zuciyar aikin, wadda Turawa ke kira kwaɗo, wato tsinin da ƙarafa biyu ke haɗuwa su bar wa leɓen taya 'yar kafar wucewa. Lamba ake ba shi. Kwaɗo mai lamba 6 na nufin layukan na rabuwa da taki ɗaya a cikin kowane taki shida. Kafar ba ta wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. In ta yi faɗi taya ta zurma, in ta matse jirgi ya goce. Shi ya sa ma'aunin ƙarfe na ƙungiyar NMRA, wadda aka kafa a 1935 a Amurka, ba ya barin hannun mai wannan aiki.

Mararraba ta talaka kwaɗo ɗaya gare ta da harsuna biyu masu motsi. Wadda layuka biyu ke gittawa, kuma jirgi ya iya juyawa ta kowane ɓangare, tana da mahaɗa huɗu da harsuna takwas, kowanne an goge shi har ya yi kaifi.

Tim Warris, ɗan Kanada wanda ya kafa kamfanin Fast Tracks da ke yin ƙwaryar haɗa irin waɗannan layuka, ya yi suna ne da kwaikwayon wata tsohuwar tashar kaya ta unguwar Bronx a birnin New York. Filinta ya yi ƙunci har layuka suka kewaye rumbun kaya suna hawa kan juna. Babu kantin da ke sayar da irin wannan sarƙaƙiya, da hannu ya haɗa ta ƙarfe bayan ƙarfe.