Da Samanja Zai Gamu Da Usman Baba Pategi, Wa Zai Sara Wa Wani?

Akwai wata tambaya da masu sha'awar wasannin kwaikwayo kan jefa wa junansu idan hira ta yi daɗi, ko a zaure, ko a bakin teburin mai shayi. Tambayar ita ce, da a ce mutumin nan da ake gani cikin wasa zai fito daga akwatin telebijin, ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya yi kiciɓis da ɗan wasan da ke fitowa da sunansa, me zai gudana tsakaninsu? Wanda ya ji ta farat ɗaya sai ya ɗauka zancen 'yan zaman kashe wando ne. To, amma in aka bi ta a hankali, za a tarar tana ɗauke da magana mai nauyi game da mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen ba jama'a dariya.

A ƙasar nan babu misalin da ya dace da wannan muhawara kamar Samanja Mazan Fama. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarun 1970 da 1980 ya san sojan nan mai tsawa, mai Hausar bariki gauraye da guntayen Turanci, wanda ake saurare a gidan rediyon Kaduna, ake kuma kallo a telebijin. Wanda ke cikin wannan kaki shi ne Alhaji Usman Baba Pategi, Banufe, wanda aka haifa a 1942 a gidan sarautar Pategi da ke cikin Jihar Kwara ta yanzu. Abin da ya ƙara wa zancen armashi shi ne Alhaji Usman ya yi aikin soja na gaske, ya san fareti, ya san zaman bariki ciki da bai.

Saboda haka masu muhawara sukan rabu gida biyu. Wasu na ganin da zarar sun haɗa ido Samanja zai daka tsawa, ya nemi jin dalilin da ya sa wannan dattijo farar hula ke yawo da fuskarsa ba tare da izni ba, har ma ya sa a jefa shi gadurum. Wasu kuwa suna cewa a'a, Samanja ne zai buga ƙafa ya ƙame, ya sara, domin duk abin da ya sani na soja a wurin dattijon ya koya, kuma ɗan sarki ba a daka masa tsawa.

Idan aka gangaro kan marigayi Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ibro, sai dariyar ta gauraya da tausayi. Ibro na cikin fim wawa ne mai wayo, ya tafka ta'asa, ya sha da ƙyar, fim ya ƙare kowa ya watse yana riƙe da ciki. Rabilu Musa kuwa mutumin Ɗanlasan ne ta Jihar Kano, wanda ya yi shekaru yana aikin gandiroba kafin ya rungumi wasa. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke masa hukuncin ɗaurin wata 2 a kan fim ɗin Ibro Aloko, wato tsohon mai tsaron fursunoni ya wayi gari a cikinsu. Da za su gamu, Rabilu yana da ikon cin kwalar Ibro, ya tuna masa cewa shi ya yi ɓarnar, amma wani ya kwana a kurkuku. Shi ma Ibro ba zai rasa ta cewa ba, don kuwa ba domin shi ba da wuya sunan Rabilu ya ƙetare iyakar Ɗanlasan. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kowannensu yana iya rantsuwa shi ne kurar.

Wannan tunani ba a ƙasar Hausa kaɗai ya tsaya ba. A Amurka an fara nuna wani shiri na telebijin mai suna Star Trek a 1966, labarin matafiya cikin sararin samaniya. Tun a 1968 wasu masu sha'awar shirin su biyu suka rubuta wani labari a ƙaramar mujallarsu ta 'yan kallo, inda matafiyan suka faɗo cikin ɗakin da ake ɗaukar shirin, ma'aikata suka zaci 'yan wasan ne. Daga cikin matafiyan akwai Spock mai dogayen kunnuwa, wanda ba ya dariya, ba ya nuna fushi. Leonard Nimoy, wanda ke fitowa da wannan suna, ya ga jama'a sun daina rarrabe shi da Spock, sai ya wallafa littafi a 1975 mai suna I Am Not Spock, wato "Ni Ba Spock Ba Ne", ya sa hirarraki a ciki tsakaninsa da Spock kamar mutum biyu ne ke zance. Masoya da yawa suka ji haushi, suka ɗauka ya butulce wa wanda ya yi masa rana. Bayan shekara 20, a 1995, ya sake fitar da wani mai suna I Am Spock, wato "Ni Ne Spock". Ke nan sai da ya ɗauki tsawon wannan lokaci kafin ya sasanta da inuwarsa.

Abin da Nimoy ya koka a kai sananne ne a nan gida. Mutane nawa ne suka san cewa Karkuzu na Bodara, wanda ya yi tashe a Jos, sunansa na yanka Abdullahi Shu'aibu? Sunan wasa yakan haɗiye sunan da iyaye suka yanka wa rago, har ya kai ga mai fitowa a mugu ya shiga kasuwa a riƙa hararar sa, mai fitowa a attajiri kuma a tare shi da roƙo alhali aljihunsa ƙaƙaf.

Daɗin daɗawa, mutumin cikin wasa ba ya tsufa, ba ya jinya, ba ya biyan kuɗin haya. Samanja na cikin kaset yana nan da ƙarfinsa da tsawarsa kamar yadda aka ɗauke shi. Alhaji Usman kuwa ya tsufa, ya sha jinya, Allah ya karɓi abinsa a Kaduna ran 12 ga watan Nuwamba, 2023, yana da shekara 81. Rabilu Musa ya riga shi tun cikin watan Disamba, 2014, amma har yau Ibro na ba yara dariya a wayoyin hannu, cikinsu har da waɗanda ba a haifa ba lokacin da ya rasu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an ji tsofaffin 'yan wasa suna neman taimakon kuɗin magani, alhali wasanninsu na ta zagaya gari.

Don haka masu wannan muhawara, in sun gama dariya, ya kamata su tuna cewa bashin da ake bin mutumin cikin wasa a wuyan 'yan kallo yake, domin shi ba ya da hannun biya. Wajibi ne gidajen rediyo da telebijin su adana abin da ya rage na tsofaffin wasannin, su rubuta cikakkun sunayen waɗanda suka yi su. Su kuma masu kallo su nemi dattawan da ke raye, su gaishe su da sunayensu na yanka, su taimaka musu tun suna iya cewa an gode. Waɗanda suka rasu kuwa, Allah ya jiƙansu da rahama, amin.