Daga dalar Damagaram zuwa jirgin Concorde

A kasuwar Dole ta Zinder, duk wanda ya ce « dala » tamma biyar yake nufi, wato sefa 5. Kalmar ta samo asali ne daga kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wanda ayarin fatake suke kawowa daga Tarabulus zamanin Sarki Tanimun. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa. Ashe tun dā hoton da ke kan kuɗi yakan daɗe fiye da mai shi.

Haka ta faru ga Concorde, jirgin fasinja na Faransa da Ingila, mai gudun da ya ninka saurin sauti biyu, fiye da kilomita 2.000 a awa ɗaya. Ya fara tashi a Toulouse ran 2 ga Maris 1969. Ran 21 ga Janairu 1976 ya soma ɗaukar fasinja daga Paris zuwa Rio de Janeiro, ya yada zango a Dakar. Guda 20 kaɗai aka ƙera, kowane yana ɗaukar mutum wajen 100.

A 1979 ƙasar Singafo ta sa hotonsa a bayan takardar dala 20, yana shawagi bisa filin jirgin Changi. Kafin ƙarshen 1980 jirgin ya daina zuwa can, takardar kuwa ta ci gaba da yawo. Tsadar mai da ƙarancin fasinja suka raunana shi. Hatsarin Gonesse na 25 ga Yuli 2000 ya halaka mutum 113, a 2003 aka ajiye shi gaba ɗaya. A 2009 gidan buga kuɗi na Paris ya fitar da kuɗin azurfa da na zinariya don tuna shekara 40 da tashinsa na farko.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su lura. Kuɗin tunawa irin wannan, darajarsa tana ga nauyin ƙarfensa da sha'awar masu tarawa, ba ya sayen hatsi a kasuwa. Bankin BCEAO kaɗai ke da ikon fitar da sefar da ake kashewa a nan. Wanda aka tallata wa irinsa, sai ya kai wa maƙerin farfaru ya auna.